Filin Tambayoyin Marubuta: "Sun Ce Waƙata Ta Karye"

Wasiƙun wannan fitowar duk sun zo ne daga masu rubuta waƙa da ke karanta wa juna abin da suka rubuta, suna neman gyara. Mun taƙaita wasu saboda fili.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. Mu bakwai ne muke haɗuwa muna karanta wa juna waƙoƙinmu. Na karanta wannan baiti, mutum biyu suka ce ɗango na biyu ya karye. Da na ce su nuna mini wurin, sai suka ce su dai kunnensu ya ji. Ga baitin:

Manomi yana can yana jan ruwa,
Da rani cikin lambu kamar mai rawa.

Ni na rera shi ya fi sau goma, ban ji karaya ba.
Wani ɗalibi, Zariya

AMSA: Wa alaikumus salam. Kunnen abokanka bai yi musu ƙarya ba, ɗangon ya karye. Inda suka gaza shi ne ɗora yatsa a kan gaɓar da ta jawo hakan, kuma wannan abu ne da ake koya cikin zama ɗaya.

Gaɓa iri biyu ce a Hausa. Akwai marar nauyi, wato baƙi da gajeren wasali, irin su da, ci, ka. Akwai mai nauyi, wato baƙi da dogon wasali ko tagwan wasali, irin su raa da mai, ko kuma wadda baƙi ya rufe ta, irin su can, lam, kin. Masu nazari suna sa wa marar nauyi alamar v, mai nauyi kuma alamar –. Ka sake rubuta ɗangonka na farko yadda baki ke furta shi, kana ninka dogon wasali:

ma-noo-mii / ya-naa-can / ya-naa-jan / ru-waa
v – – / v – – / v – – / v –

Gaɓa 11 ke nan, ƙafa huɗu (wato rukunan gaɓoɓin da alamar / ta raba), kowace ƙafa ta fara da gaɓa marar nauyi. Wannan shi ne karin Mutaƙarab, ɗaya daga cikin karuruwan aruli, wato ilimin awon waƙar Larabci, da Halilu ɗan Ahmad na Basra ya tsara a ƙarni na 8, kuma marubutan Hausa sun daɗe suna hawa kansa. Ƙafarsa fa'uulun ce, ta ƙarshe an gutsure ta ta koma fa'ul. Yanzu ga na biyu:

da-raa-nii / ci-kin-lam / buu-ka-mar / mai-ra-waa

Ƙafa biyun farko lafiya lau. A ta uku, inda ake jiran gaɓa marar nauyi, sai buu ta faɗo da nauyinta ta ture duk abin da ke gabanta. Idan ka ƙirga za ka sami gaɓa 12. Gaɓa ɗaya ce tak ta yi yawa, kuma "cikin" ce ta kawo ta. Cire ta ka sa "a":

Da rani a lambu kamar mai rawa.

da-raa-nii / a-lam-buu / ka-mar-mai / ra-waa. Ya zauna daram, ma'ana kuwa ko ƙwayar zarra ba ta ragu ba.

Dalilin da ya sa kai ba ka ji ba shi ne, wanda ya rubuta waƙa ya riga ya san inda take tuntuɓe, bakinsa kuma ya koyi tsallakewa. Yakan haɗiye "cikin" da sauri har ta yi kamar gaɓa ɗaya, bai ma san yana yi ba. Shi ya sa gwajin da ya fi kama karaya shi ne ka miƙa wa wanda bai taɓa ganin waƙar ba takardar, ka ce ya rera. Duk inda ya tsaya ko ya koma baya, sa alama.

Akwai tarko biyu ga mai awo. Na farko, rubutun boko na yau da kullum ba ya nuna tsawon wasali. "Gari" na mazaunin mutane v – ne, "gari" na tuwo kuwa – – ne, alhali rubutunsu ɗaya. Haka "ya" a cikin "ya zo jiya" doguwa ce, amma a cikin "da ya zo" gajeriya ce. Wanda ya auna da ido kawai zai yanke wa lafiyayyen ɗango hukuncin karaya. Na biyu, ba kowane sauyi ne karaya ba. A karin Kamil da Wafir akwai gurbin da gaɓa biyu marasa nauyi ke musanyawa da ɗaya mai nauyi, ta yadda "wahala" (v v –) za ta zauna inda "aiki" (– –) ta zauna a wani ɗangon. Wannan zihafi ne, wato sauyin da kari ya yarda da shi, halal ne. Gaɓar ƙarshen ɗango kuma, ko gajeriya ce, ana jan ta wajen rerawa, ba a kama marubuci da ita.

Abu ɗaya da ya kamata abokan naka su faɗa ba su faɗa ba: kamancen nan ya yi kyau. Duk wanda ya taɓa ganin mai ban ruwa da jigo a fadama, yana sunkuyawa yana miƙewa, ya san daga ina rawar ta fito.

TAMBAYA: Malam, wata yayata a harkar rubutu, wadda ta girme ni da shekaru kusan ashirin, ta ba ni waƙarta ta ce in duba mata. Na ga matsaloli da dama. Ina tsoron in faɗa ta ga na yi mata rashin kunya, in kuma yi shiru na ci amanarta. Yaya zan yi?
Wata malamar makaranta, Katsina

AMSA: Malama, tunda ita ta miƙo miki da hannunta, faɗar gaskiya ba rashin kunya ba ne. Gyara kayanka ai bai zama sauke mu raba ba. Abin da ke ɓata zumunci shi ne yadda ake faɗar da kuma inda ake faɗar.

Ki fara rera waƙar da murya sau biyu kafin ki taɓa alƙalami. A karo na farko ki saurara kawai. A na biyu ki riƙa sa ɗigo da fensir a gefen duk ɗangon da ya tsayar da ke. Daga nan ki sa wa baitoci lamba, domin gyaran da ba shi da adireshi ba ya amfanar kowa. "Karin yana rawa a wasu wurare" magana ce da za ta bar ta cikin zulumi. "Baiti na 6, ɗango na 2, kalmar kaza ta ƙara gaɓa ɗaya" kuwa abu ne da za ta gyara kafin shayi ya huce.

Ki bi abubuwan bisa tsarin nauyinsu. Jigo tukuna: me waƙar ke son faɗa, kuma shin ta tsaya a kansa? Idan baiti biyar na tsakiya sun bar batun tarbiyya sun shiga tsadar kayan masarufi, ba amfanin ki ɓata lokaci kina daidaita musu kari, tunda wataƙila cire su za a yi. Bayan jigo sai kari, sai amsa-amo (dacewar sautin ƙarshen ɗangogi), sai zaɓen kalmomi da adon harshe. Ƙa'idojin rubutu, irin su raba kalma da ƙugiyar ɗ da ƙ da ɓ, su ne na ƙarshe, kuma gara ki gyara su a kan takardar kawai ba sai kin yi jawabi a kansu ba.

Ko da kin ga abu goma sha biyu, ki zaɓi uku mafiya girma ki faɗa. Mutum yana iya ɗaukar gyara uku ya yi aiki da su. Idan aka jibga masa goma sha biyu, abin da kunnensa zai ji shi ne "waƙarka ba ta da kyau", sai ya ninke takardar. Sauran ki ajiye su sai ta dawo da kwafi na biyu, da yawansu ma za ki tarar sun gyaru da kansu.

Yabon ma ki yi masa adireshi. "Masha Allah, Allah Ya ƙara basira" addu'a ce mai kyau, amma ba ta gaya wa marubuci abin da zai riƙe. Ki ce mata baiti kaza ya burge ki, ki faɗi dalili. Ta haka za ta san kin karanta da gaske, gyaranki ma sai ya yi daraja a wurinta.

Abu biyu ne muke roƙon ki guje musu. Kada ki sake rubuta mata baiti da kalmominki ki miƙa mata. Ki nuna inda ciwon yake, ki bar mata magani, sai fa in ita ta ce ki kawo shawara. Na biyu kuma, kada ki ɗauki karin harshe a matsayin kuskure. Idan Basakkwace ya rubuta "shina" maimakon "yana", ko "wanga" maimakon "wannan", harshensa ya yi. Sau da yawa ma awo ne ya sa ya zaɓe ta: "wanga" – v ce, "wannan" kuwa – – ce, in kika daidaita masa ita zuwa Hausar Kano ke ce kika karya masa ɗango.

Game da girma kuwa, ki same ta ku biyu, ba a tsakiyar taro ba. Ki sa maganar cikin sigar tambaya: "Yaya, nan wurin harshena yana sarƙewa, ko ni ce ban kama karin ba? Ki rera mini in ji." Tana rerawa za ta ji da kanta, kuma ita ce ta gano.

TAMBAYA: Na rubuta waƙa ƙwar biyu, wato mai ɗango biyu a kowane baiti, mai baiti 18. Wani abokin rubutu ya ɗauke ta ya ƙara wa kowane baiti ɗango uku, ya karanta a wurin taronmu. Ya ambaci sunana, amma bai tambaye ni ba. Wannan ba sata ba ce?
Wani mai karatu, Sakkwato

AMSA: Ba sata ba ce, Malam, tahamisi ya yi maka, kuma a al'adar malamanmu girmamawa ce. Kai da ke Sakkwato misalin yana ƙofar gidanka: waƙar Tabbat Haƙiƙa Shehu Usmanu ɗan Fodiyo ne ya yi ta da Fulfulde, 'yarsa Nana Asma'u ta mayar da ita Hausa, ɗansa Isa ya yi mata tahamisi. Ba a yi wa waƙa tahamisi sai an ga ta isa.

Sai dai aikin yana da sharuɗɗa, kuma da su za ka auna abin da abokinka ya yi. Ɗango ukun da aka ƙara suna zuwa ne a gaban biyun asali, baiti ya zama ƙwar biyar. Dole su hau karin waƙar asali. Amsa-amonsu kuma yana bin ƙarshen ɗangon farko na mai waƙa: idan naka na farko ya ƙare da -na, na biyu da -wa, to ukun nan duka da -na za su ƙare, -wa ta ci gaba da zama babban amsa-amo a ɗango na biyar. Ba a taɓa ko kalma ɗaya a cikin ɗangogin asali. Ana ambaton mai waƙar, galibi a baitocin ƙarshe ko a kan take. Wanda ya ƙara ɗango biyu kacal, baiti ya zama huɗu, tarbi'i ya yi.

Inda tahamisi ya fi lalacewa shi ne ma'ana. Mai rauni yakan faɗi abin da ɗango biyun asali za su faɗa tun a cikin nasa ukun, sai naka su iso a makare, su zama maimaici. Gwani kuwa shimfiɗa yake yi, ta yadda in aka iso ɗangonka za a ji kamar dama shi ake jira. Mafi muni shi ne a karkatar da nufinka, a sa baitinka na nasiha ya zama habaici ga wani.

Batun izini kuma, kana da gaskiya ta wannan fuskar: mai waƙa yana raye, ana ganinsa kowane mako, ladabi shi ne a sanar da shi kafin a karanta a bainar jama'a. In za a buga a littafi ko a rera a sayar, to nan izininka wajibi ne.

TAMBAYA: An ce mini amsa-amona na arha ne domin duk baitocina da -wa suke ƙarewa. Ashe akwai amsa-amo mai tsada?
Wani mai karatu, Damagaram

AMSA: Laifin ba na -wa ba ne, manyan waƙoƙi da yawa da ita aka yi su. Muna zaton abin da suka ji shi ne duk ƙarshen baitocinka daga aikatau aka ƙera su: zaunawa, dawowa, gyarawa, karantawa. Irin waɗannan ba sa ƙarewa a Hausa, shi ya sa suke da sauƙi, amma suna tilasta wa kowane baiti ginin jimla iri ɗaya, "yana kaza-wa", har mai sauraro ya riƙa cankar ƙarshen tun ba a kai ba.

Kafin ka fara waƙa mai baiti 20, ka jera kalmomi 30 zuwa 40 masu wannan ƙarshe, rabinsu aƙalla sunaye: ruwa, inuwa, kasuwa, yunwa, giwa, tsawa, baiwa, kowa. Ka ware su bisa awonsu, domin wadda ta dace da ƙarshen Mutaƙarab irin v – ba lalle ta dace da wani kari ba. Kada ka maimaita kalma ɗaya da ma'ana ɗaya kusa da kusa. Masana ƙafiyar Larabci, wato amsa-amon waƙar Larabawa, suna kiran wannan aibi iɗa'i, suna yafe shi idan baiti bakwai sun shiga tsakani.

Ka kuma lura cewa abin da aka fi bi a rubutacciyar waƙa shi ne baƙi da wasali su dace tare. "Ruwa" da "gida" duk da a suka ƙare, amma ba su amsa wa juna ba. Masu kunne sosai har karin sauti suke saurara: "ruwa" murya a sama take ƙarewa, "zuwa" da "yawa" a ƙasa. Ba za a ce ka yi kuskure in ka gauraya su ba, amma in suka daidaita waƙar ta fi daɗin rerawa.

TAMBAYA: Malam, mun kafa zaman mawaƙa da mutum 25. Yanzu da ƙyar muke kai shida. Wasu sun ce kullum mutum uku ne ke cinye lokaci, wasu sun yi fushi da gyara. Ta yaya ake tafiyar da irin wannan zama?
Sakataren wata ƙungiya, Kano

AMSA: Kano ba baƙuwar wannan harka ba ce. A nan ƙungiyar Hikima ta Alhaji Mudi Sipikin ta yi tashe, 'ya'yanta suna karanta waƙoƙinsu a rediyo a shekarun 1970, ga kuma Hausa Fasaha ta Alhaji Aƙilu Aliyu. Saboda haka kada ku karaya. Shidan da suka rage ma ba asara ba ce, domin zaman gyara ya fi tafiya da mutum shida zuwa goma. Mutum 25 taron karatu ne, a tafa a watse.

Lissafin lokaci shi ne ginshiƙi. Zaman awa biyu yana ɗaukar waƙa biyar, kowace da minti 20: biyar na rerawa, goma sha biyu na sharhi, uku na mai waƙa. Sauran minti 20 na gaisuwa da addu'a da sanarwa ne. A ƙayyade tsawon abin da za a kawo, kamar baiti 15 in ƙwar biyu ce, ko 8 in ƙwar biyar ce. Mai doguwar waƙa ya kawo ta kashi-kashi. A rubuta jerin masu gabatarwa tun a zaman da ya gabata, a riƙa juyawa, kuma waƙar ta isa hannun kowa kwana uku kafin zama. Sharhin da aka yi a kan ji ɗaya yawanci a kan murya ake yin sa, mai zaƙin murya ya tsira da karyayyen baiti, mai kaushin murya a hau shi.

Sai ƙa'idar da ta fi kowace rage faɗa: yayin da ake sharhi, mai waƙa ba ya magana. Ya riƙe alƙalami ya rubuta. Da zarar an bar shi yana kare kowane ɗango, zama ya koma musu, masu kunya su yi shiru. Minti ukunsa na ƙarshe na tambaya ne a kan abin da bai gane ba. Sharhi kuma ya fara daga ƙanana zuwa manya, domin in babban malami ya riga ya ce waƙa ta yi, ba yaron da zai buɗe baki. Shugaban zama ya tsayar da duk wanda ya bar waƙa ya koma kan mai ita ko kan aƙidarsa.

A ware minti biyar a farkon kowane zama domin waɗanda aka yi wa gyara a baya su karanta baitin da suka sake. Nan ne mutane ke ganin amfanin zuwansu. In kuma an ga jiki ya yi sanyi, a yi wasan ƙarasa baiti: mutum ɗaya ya ba da ɗango, kowa ya kawo na biyu a kan kari da amsa-amo ɗaya cikin minti biyar. Ana dariya, kunne kuma yana gogewa.

Wanda ya kawo waƙa marar kari da gangan ya faɗa tun kafin ya fara, don kada a ɓata mintunansa ana neman karin Ramal a inda ba a sa shi ba. Irin wannan da hoton da take zanawa da inda take yanke layi za a auna ta.

TAMBAYA: Mutum huɗu sun duba waƙata, kowa da abin da ya ce, har biyu sun saɓa wa juna. Dole ne in bi duka?
Wata ɗaliba, Gusau

AMSA: A'a, 'yar'uwa. Ki kasa gyare-gyaren kashi uku. Na farko abin da ake iya aunawa: kari, amsa-amo, nahawu, ko kuskuren gaskiyar magana, kamar ki sa girbin gero a watan da ake shuka shi. Wannan ki auna da kanki, in ya tabbata ki gyara, ko wane ne ya faɗa. Na biyu wurin da aka kasa fahimtarki. In mutum biyu da ba su yi shawara da juna ba suka tsaya a baiti ɗaya, akwai matsala a wurin, ko da maganin da kowannensu ya kawo bai yi ba. Su biyun nan da suka saɓa, duba ki gani, wataƙila a kan baiti ɗaya suke jayayya. Na uku ɗanɗano: wani ya fi son "zuciya", ke kin sa "rai". Wannan naki ne, ki yi godiya ki bar abinki.

Kada ki gyara a ranar da aka yi miki sharhi. Ki ajiye takardar kwana uku ko huɗu, sannan ki kwafe waƙar a sabon shafi ki yi gyaran a can, tsohon kwafin kuma ki adana shi da kwanan wata a samansa. Kowane ɗango kika taɓa, ki sake rera baitin gaba ɗaya tare da na gabansa da na bayansa, domin kalmar da kika sauya a baiti na 4 tana iya zama ita ce amsa-amon da kika riga kika yi amfani da shi a na 5.